Rumfa ko Bukkar Ado? Abin da Na Gani a Bayan Gidana

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan inuwa. Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shekara 34 na yi da alli a hannu kafin in ajiye aiki, yanzu ina zaune a unguwar Zariya cikin garin Maradi. Wanda bai taɓa cin watan Afrilu a garin nan ba zai ga kamar ƙaramar magana na ɗauko. Mu da zafi ke wuce digiri 40 a kanmu, wuta ta ɗauke, ɗakin kwano ya koma tanda tun hantsi, mun san inuwar tsakar gida ba ta da maraba da ɗaki. A bazara ma ta fi ɗaki, domin nan ake wuni, nan ake kwana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani gini da nake gani yana yaɗuwa a sababbin gidaje, daga nan Zariya har Ali Ɗan Sofo. 'Yar kewayayyar bukka ce mai kusurwa shida ko takwas, ƙafafun ƙarfe, jinkar kwano mai tsini da aka shafe da fenti ja ko kore, ga bencin siminti ya zagaye cikinta. 'Yan lakwal na ce mata fayot, masu kallon gidajen Ingila da Amurka a waya na ce mata gazibo. Ni bukkar ado nake ce mata. Saura ƙiris in kafa irinta a bayan gidana, kuma ina so in ba 'yan'uwa labarin yadda na fasa, da abin da na gina a madadinta, har da kuskuren da na tafka a ciki, ko Allah zai sa wani ya amfana kafin ya zuba kuɗinsa.

Babban ɗana a Yamai yake aiki. Wajen ƙarshen 2024, bayan gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba, ya kira ni ya ce, "Baba, ga ɗan abin da Allah ya hore. A yi maka wurin hutawa a bayan gida, ka daina jan kujera kana bin inuwar katanga." Ya turo kuɗin, ya biyo su da hoto ta WhatsApp. Farar bukka ce tsaf a tsakiyar ciyawa shar, furanni sun kewaye ta, ga tafki a bayanta, ga kujera biyu da ɗan tebur a ciki. Kwana uku na yi ina buɗe hoton nan. Gaskiya ta shiga raina. Na kai wa wani matashi mai walda a bakin hanya, ya duba ya ce zai fitar da ita kamar an tsaga kara, mita 4 daga baki zuwa baki, sati biyu ya gama.

Da dare na nuna wa uwargida. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, ta ce ta yi kyau, Allah ya yi wa yaron albarka. Can sai ta ce, "Malam, mutum nawa take ci?" Na ce ai wurin hutawa ne, ba ɗakin taro ba. Ta ce, "To ranar Laraba ina zan zaunar da matan asusu?"

Ban ba ta amsa ba, domin ba ni da ita. Uwargida tana cikin ƙungiyar asusu ta mata, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a jihar nan ta Maradi tun 1991 kafin ya bazu ƙasashe. Su 26 ne, kuma a gidanmu suke haɗuwa kowace Laraba bayan azahar, da akwatinsu da goyonsu. Shekara da shekaru ina ganinsu sun takure a inuwar dogon yaro guda ɗaya, rabi a inuwa rabi a rana, suna ja da tabarma duk inda inuwar ta ja. Ina gani kullum, amma da hoton nan ya zo, ni kaɗai na hango zaune a ciki da butar shayi.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki igiya da turke da kwanon toka na zagaya baya. Filin da ya rage mana can mita 9 ne daga gabas zuwa yamma, mita 7 daga kudu zuwa arewa, dogon yaron yana kusurwar kudu maso gabas, madafa tana jikin gida ta arewa. Na kafa turke, na ɗaura igiya mai mita 2, na zagaya ina zuba toka, kamar yadda na saba nuna wa yara a allo. Na sa jikata ta kwaso tabarmin gidan. Uku suka shiga da ƙyar, ta huɗu kusurwoyinta suka leƙa bayan toka. Da na tuna bencin siminti zai cinye kusan rabin mita ta kowane gefe, sai na ga tabarma biyu ce kawai za ta shimfiɗu sosai. Na share, na sake zana mai kusurwa huɗu, mita 7 da mita 4. Tabarmin gidan suka ƙare, wuri bai cika ba. A lissafi, da'irar wajen mita murabba'i 12 da rabi ce, ɗayar kuwa 28 ce. Amma ba lissafin ya fi kama ni ba. Abin da na lura da shi a tsaye a wurin shi ne, duk kayan zamanmu masu kusurwa huɗu ne: tabarma, darduma, katifa, gadon ƙarfe, gidan sauro, har sahun salla. Ba ɗaya da aka yi shi don ya zauna cikin da'ira.

Daga nan na aika aka kira mini tsohon maginin da ya gina mini gidan nan tun farko. Ya manyanta, ba ya hawa tsani yanzu, amma idonsa na nan. Na nuna masa hoton, na nuna masa tokar. Ya ce, "Malam, da me za ka rufe ta?" Na ce da tol, wato kwano. Ya girgiza kai. Ya ce kwano miƙaƙƙe ake sayar da shi, mai tsawo, shi kuwa rufi mai kusurwa takwas sai an yanka kwanon gida takwas, kowane mai tsini a sama. Abin da aka yanke gefe da gefe asara ne, ka biya kuɗinsa ka zubar. Sannan inda yanki ya haɗu da yanki, layi takwas ke nan daga tsini zuwa baki, kowane sai an bi shi da marufi, kuma nan ruwa ke fara neman hanya in shekara ta yi biyu. Ya ce, "Rumfa kuwa ka jera kwano ɗaya bisa ɗaya, gangara guda, ruwa ya san inda za shi."

Na ce, "Baba, ai kakanninmu kewayayyen ɗaki suka yi. Ni kaina a kago aka haife ni." Ya ce gaskiya ne, amma da me suka rufe? Da shuci. Ya ce ciyawa ita ke son da'ira. Ka ɗaura tsaiko, ka bi shi da tanka, ka yi baibaya tana zagayawa tun daga ƙasa har tsini, ba yanka ba haɗi, jinka ta miƙe sosai yadda ruwa ba ya samun wurin tsayawa. Kuma ciyawa ba ta riƙe zafi ta sauko maka da shi a ka. Ya ce su mutanen da sun raba wa kowane gini aikinsa. Kago na kwana ne da ajiya. In taro ne, ko sana'a, ko zaman hantsi, dirkoki ake kafawa a yi rumfa mai kusurwa huɗu, a ɗora kara, a jibga harawa a sama, inuwa ta ƙara kauri, jar akuya kuma ta sami abincin rani. Ya ce in je kasuwa in duba, ko ƙofar mai unguwa, in ga ko akwai wanda ya yi wa jama'a kewayayyar rumfa.

Maganar nan ta zauna mini. Bukkar da ke cikin hoton ɗana an yi ta ne a ƙasar da ake marmarin rana. Masu hali a Ingila sun daɗe suna kafa irinta a tsakiyar lambunansu, don mutum biyu ko uku su zauna bisa kujera su kalli furanni ta kowane gefe, shi ya sa aka buɗe ta ko'ina. Aikinta kallo ne. Mu kuwa a bayan gida me za mu kalla? Katanga ce gabas, katanga ce yamma. Gudun rana muke yi, kuma ba bisa kujera muka fi zama ba. A ƙasa muke zama, mu miƙe ƙafa, mu kishingiɗa, yara na hawa suna sauka, baƙo ya yi sallama a matsa masa.

Akwai kuma lissafin inuwar kanta, wanda na yi da sanda a tsakar gida kafin in yanke shawara. Inuwar rufi ba ta tsayawa ƙarƙashin rufi sai da tsakar rana. Idan bakin jinka ya kai mita biyu da rabi daga ƙasa, to a bazara, lokacin da inuwar mutum ta yi daidai da tsawonsa, wato wajen shigar la'asar, inuwar ta riga ta matsa gabas da mita biyu da rabi. A bukka mai mita 4, abin da ya rage maka a ciki mita ɗaya da rabi ne, shi ma a gefe ɗaya, sauran inuwar tana waje bisa rairayi. Bencin gabas ne kaɗai ke da sauƙi, shi ma ba da daɗewa ba. Kuma lokacin ne zafi ya fi cizo, ƙasa ta sha rana tun safe. Rumfa mai mita 7, in ka shimfiɗa tsawonta daga gabas zuwa yamma, a wannan sa'ar tana da sauran mita huɗu da rabi na inuwa. Duk mai shakka ya kafa sanda gobe ya auna da kansa, ba ya buƙatar kowa ya gaya masa.

Kada a ce na tsani bukka. Ina da aboki mai garka a Jiratawa, cikin filin noman rani, yana da kewayayyar bukkar shuci a bakin fangalinsa, ba bango, ƙafafun itace shida. In ka shigo daga rana ka sunkuya ƙarƙashinta sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. Bakin jinkar ya sauko ƙasa sosai, sai ka duƙa za ka shiga, don haka rana ba ta samun hanya ko da yamma. Iska ta zo ta zagaye ta ta wuce. Daga ciki yana hango albasarsa da zogalensa ta kowane gefe, in dabba ta shigo ya gani. Can bukka ta sami wurinta. Haka wanda Allah ya ba fili mai faɗi, iyalinsa kaɗan, yana son wurin da shi da abokai huɗu za su yi fada su dafa shayi, ba abin da zan ce masa sai Allah ya sanya alheri. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki surar bukka a rufe ta da kwano, a ɗaga ta sama don ta yi kyan gani, a dasa a ƙuntataccen bayan gida mai mutum goma sha biyar. An bar sanyin ciyawa, ba a kuma sami faɗin rumfa ba. Na san gida biyu a unguwar nan da aka yi haka. Ɗaya yanzu igiyar shanya aka ɗaura mata, ɗaya babur ake ajiyewa a ciki, masu gidan sun koma bin inuwar katanga.

Za ka ce to me ya hana ni yin ta shuci irin ta abokina? Madafa ce ta hana. Taku huɗu ne tsakaninta da wurin, kuma uwargida na tuyar ƙuli-ƙuli, wuta ba ta mutuwa a murhunta. In hunturu ya kama, iska na kaɗawa, komai ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa. Mu mutanen Maradi ba sai an tuna mana ba. Ranar Litinin 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a cikin garin nan, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu. Ni da na yi shekaru ina koyarwa a irin waɗannan azuzuwa a ƙauyuka, har yau in na ga zana kusa da wuta sai gabana ya faɗi. Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri. Ba zan kwantar da jikokina ƙarƙashin ciyawa a gefen murhu ba.

Na so azara, domin da ita mahaifina ya yi rumfarsa a ƙauyenmu wajen Tibiri, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma giginya ta yi nisa da mu, sai can wajen Gaya, ba a kuma sare ta yadda aka ga dama yanzu, wanda daidai ne. Itacen da ake samu a nan kusa, in ka kafa shi a ƙasa, damina biyu gara ta gama da gindinsa. Sai muka tsaya a ƙarfe: ƙafafu takwas, huɗu kudu huɗu arewa, rufi mai gangara ɗaya, mita 3 ta wajen gida, ya sauko zuwa biyu da rabi ta kudu. Na sa aka bar wa kwanon baki ya zarce ƙafafun da rabin mita, aka shafe bayansa da farin fenti don ya rage shan rana. Ƙasa muka yi daɓen siminti, muka ɗaga shi kamar taƙi ɗaya, domin tun ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidaje ya ci rayuka a garin nan, kowa ya ga inda ruwa ke bi a gidansa. Ban yarda a yi benci ba. Wuri fayau na ce a bar mini.

Na kira ɗana na gaya masa. Ya yi shiru, na ji a muryarsa bai ji daɗi ba. Ya ce, "Baba, ai wannan rumfar kasuwa ce." Na ce masa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya yi haƙuri ya zo ya gani. Ya ce duk yadda na yi daidai ne. Yaro ne mai ladabi, amma na san ya so a ce ya yi wa ubansa abin da za a nuna.

Yanzu ga kuskurena, kuma shi ne rabin dalilin wannan wasiƙa. Aikin ya faɗo a watan Fabrairun 2025, azumi na ƙaratowa, ina gaggawar a gama. Tsohon maginin ya ce a haƙa ramin kowace ƙafa ya kai kusan ƙugu, a walda ɗan ƙarfe a gicciye a gindinta, a cika da kankare. Ya tafi gida. Yaran da ke aikin suka haƙa bai kai gwiwa ba suka ce ya isa, ai rumfa ce ba soro ba, ba nauyin da za ta ɗauka. Ni kuma na ga zan tsira da buhun siminti uku, na ce to. Kwanon ma aka ɗaure shi sama-sama, nan da can. Mun yi ta tunanin nauyin da zai danna ƙasa, ba wanda ya yi tunanin abin da zai ɗaga sama. Ga shi garin nan tun da aka taso da shi daga bakin gulbi bayan ambaliyar 1945, bisa tudu muke zaune, ƙasar kuma rairayi ce, ba ta riƙe abu in ba ka nutsa shi ba.

Azumi ya zo muka ji daɗinta ƙwarai. Maƙwabta suka riƙa shigowa asham, sahu huɗu bayan liman, mutum shida-shida. Bazara ta zo muka ɗaura gidan sauro biyar daga ƙafa zuwa ƙafa, kowa da shimfiɗarsa. Sai damina ta faɗi.

Wata ranar Yuli ce da yamma. Gabas ta yi ja wur, irin jan da ke gaya maka ƙura ce a gaba ruwa na baya. Awaki suka fara kuka, uwargida na kwashe shanya tana kiran yara su shiga ɗaki. Ina tsaye a bakin ƙofa iskar ta iso. Katangarmu ta gabas mita 2 ce, rufin ya fi ta tsawo, to ta wannan ratar iska ta kutsa ƙarƙashin kwano. Na ji rufin ya yi wani gurnani, na ga yana numfashi, ya kumbura ya sauka, ya kumbura ya sauka. A karo na uku ƙafafu biyu na gabas suka tumɓuke daga ƙasa, kowace da ɗan curin siminti a gindinta bai fi ƙwarya ba. Kwano uku suka ɓalle. Biyu suka faɗo cikin gida, ɗaya ya haura katanga. Da ruwa ya tsagaita na ɗauki tocila na shiga gidan maƙwabcina, na tarar da shi ya kafe a rairayi da gefensa, daidai inda 'ya'yansa ke shimfiɗa da dare. Da iskar ta jinkirta zuwa bayan isha, Allah kaɗai ya san abin da za a wayi gari ana faɗa. Maƙwabcina mutumin kirki ne, ya ce ba komai, tsautsayi ne. Ni na san buhu uku ne na ƙi saya. Daren nan ban runtsa ba.

A nan dole in faɗi gaskiya: ta fuskar iska, kewayayyar jinka mai tsini ta fi rumfa. Iska na zagaye ta. Rumfa mai faɗi kuwa kamar faifai take, in iska ta shiga ƙarƙashinta sama za ta yi da ita. Duk wanda ya zaɓi rumfa ya san ya ɗauki wannan nauyi, na kansa da na maƙwabta. Muka sake aiki daga tushe. Ramuka santimita 80, ƙarfe a gicciye a gindin kowace ƙafa, kankare da tsakuwa har baki. Kwano aka ɗaure shi da ƙugiyoyi masu noti a kowane layi, aka ninka su a baki da kusurwa inda iska ke fara kamawa. Ratar gabas muka ɗora bulo bisa katanga muka toshe ta, tunda daga can hadarinmu ke tasowa. Tsohon maginin ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a wurin har aka zuba rami na ƙarshe. Sauran daminar ta wuce, an yi iska ba ɗaya ba ba biyu ba, ko motsi ba ta yi ba.

Wani amfani da ban sa shi a lissafi ba sai da na gani shi ne ruwa. Tunda gangarar ɗaya ce, indararo ɗaya muka sa, ya zuba cikin tano, wato ganga. Milimita ɗaya ta ruwan sama bisa mita murabba'i ɗaya lita ɗaya ce. Maradi na samun wajen milimita 500 a shekara, rufina 28 ne ko ba a haɗa da baki ba, lita 14,000 ke nan, cikin tano 70 mai lita 200. Ba duka muke tarewa ba, amma wanki da ban ruwan shuka da na dabbobi duk damina ba mu taɓa famfo ba. Rufi mai gefe takwas ta gefe takwas yake zubarwa, ya haƙa maka kwari a kewaye.

Yau in ka shigo gidan da hantsi za ka tarar da turmi a kusurwa, gyaɗa a baze a gefe, jikoki na karatun allo, ni ina kishingiɗe da rediyo. Laraba matan asusu su cika ta, su 26 da goyonsu, ba wadda rana ke taɓawa sai can wajen tashi. Da aka yi sunan jikata ta wajen 'yata, mata a nan suka wuni, ko jika ɗaya ta kuɗi ban ba mai hayar bash, wato rumfar tampol, ba. Da ƙanen uwargida ya rasu, Allah ya jiƙansa, a nan ta karɓi gaisuwa har sadakar bakwai. Ba ta da kyan da za a ɗauke ta hoto. Gefen yamma har yanzu zana nake ratayawa da la'asar in naɗe ta da magariba in kai ta nesa da madafa, kafin itatuwa biyu da na dasa can su tasa.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Na farko ga 'ya'yanmu da ke Yamai da Kano da Legas da Agadas da ƙasashen waje, masu turo kuɗi a gyara gidan iyaye. Allah ya saka muku, ya ƙara buɗi. Amma kafin ku turo hoto, ku kira mahaifiyarku ko matar gidan ku tambaye ta inda take wuni da azahar, mutum nawa ke zama tare da ita, da inda ake kwana in wuta ta ɗauke. Ku sa a zana abin da toka a shimfiɗa tabarmi a gani, kwanon toka ba kuɗi ake saye ba. Na biyu gare ka. Ka ware mana ɗan shafi, ko sau ɗaya a wata, a riƙa zantawa da tsofaffin magina da masu walda da injiniyoyi cikin Hausa, a yi bayanin zurfin rami a ƙasar rairayi da ta laka, da yadda ake ɗaure kwano, da inda ya kamata gini ya ba wa baya. Yaran da suka haƙa mini ramin nan ba mugunta suka yi ba, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda iska ke ɗaga rufi. Masu wannan sani suna tsufa, irin maginina, kuma kowace damina sai mun ji kwano ya tashi ya sari wani.

Ɗan nawa ya zo watan jiya. Ya zagaya rumfar, ya girgiza ƙafa ɗaya da hannu ya ji ta daram, bai ce komai ba. Bayan azahar uwarsa ta shimfiɗa masa tabarma, ya kwanta yana duba waya, barci ya kwashe shi har aka kira la'asar. Da ya tashi ya ce mini har yanzu bukkar nan na ransa. Na ce ni ma haka. Muka shirya in Allah ya kai mu kaka, shuci ya bushe, za mu je gonarmu ta wajen gulbi mu kafa ta can, ƙarƙashin gawon da ke tsakiya, da ƙafafun itace da jinkar ciyawa mai saukowa ƙasa. Na riga na yi magana da mai baibayar da ya yi wa abokina ta Jiratawa.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Tsohon malamin lakwal,
Unguwar Zariya, Maradi.